Idan Akori-kura Ta Ƙi Tsayawa a Silo: Yadda Ake Gano Laifin Kafireto

Mota tana tafiya lafiya a kan titi da lodinta, amma da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur a bakin mararraba sai ta mutu. Wata ba ta mutuwa, sai dai ta yi ta karkarwa har madubi na rawa. Wata kuma injin ya hau ya sauka, ya hau ya sauka, kamar mai haki. Duk waɗannan ciwon silo ne, wato aikin injin lokacin da ba a taka totur ba, kuma tsofaffin motocin ɗaukar kaya masu kafireto sun fi kowa fama da shi. Za mu ɗauki Peugeot 504 akori-kura a matsayin misali, domin tun da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975 da wuya ka shiga garejin da ba a san cikinta ba, kuma har yau tana jigilar hatsi da dabbobi a kasuwannin ƙauye. Yawancinsu injin fetur ne mai silinda huɗu da kafireton Solex. Tsarin binciken bai bambanta ba a tsohuwar Toyota Hilux mai kafireton Aisan, ma'aunai ne kawai suke canzawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki sukundireba a ƙara sukurun silo har injin ya daina mutuwa. Motar za ta bar gareji, amma ciwon yana nan, an ƙara masa shan mai, giya ta fara ƙara wajen shiga, kuma idan aka kashe makulli injin ya ci gaba da tari. Sukurun silo da sukurun mai na jikin kafireto su ne abin da ake taɓawa a ƙarshe, bayan an tabbatar wuta daidai take, bawul daidai suke, kuma babu inda iska ke satar hanya.

Abin da ke faruwa a cikin kafireto lokacin silo

Idan ƙafa ba ta kan totur, faifan totur, wanda makanikai ke kira bataflai, kusan a rufe yake. Iskar da ke wucewa ta maƙogwaron kafireto ba ta da ƙarfin da za ta ja mai daga babbar hanya. Don haka aka yi wa silo tasa hanyar daban: zuƙar da ke ƙarƙashin faifan tana jan mai daga kwanon fulot, wato kwanon da ke ajiye mai a cikin kafireto, ya bi ta ɗan ƙaramin jet na silo, ya gauraya da iska kaɗan daga wata ƙaramar kafa, sannan ya gangaro ya fito ta wani rami da ke ƙasa da faifan. Bakin wannan ramin ne sukurun mai yake tsukewa ko ya buɗe. Sama da shi kaɗan akwai wasu ƙananan ramuka da ke karɓar aiki daidai lokacin da aka fara taka totur.

Lambar da ke jikin jet na Solex faɗin raminsa ce a ma'aunin kashi ɗari na milimita. Jet mai lamba 50 raminsa rabin milimita ne. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi. Shi ya sa mota za ta yi gudu ba matsala, tunda babban jet ne ke ciyar da ita, amma ta mutu a tsaye.

A silo injin yana shan iska kaɗan ƙwarai. Ɗan tsagin da ba zai yi wani tasiri ba a kan gudu, a silo yana iya zama kaso mai yawa na dukkan iskar da ke shiga. Mai ya yi kaɗan, iska ta yi yawa, wuta ta riƙa tsallake silinda.

Fara da wuta da bawul

Ka yi aikin a fili ko inda iska ke kaɗawa, domin hayaƙin salansa yana kisa a rufaffen ɗaki. Giya a firi, a ja birkin hannu, a sa dutse a taya. Hannun riga da babbar riga su yi nesa da fanka da fanbel.

Cire fulogi huɗun ka jera su yadda suke a injin. Launinsu zai ba ka labari kafin ka kwance komai. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne. Baƙin toka busasshe a dukkansu yana nufin mai ya yi yawa. Fari fat yana nufin mai ya yi kaɗan ko iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Idan ɗaya ne kawai ya bambanta da sauran, laifin na wannan silindar ne, ba na kafireto ba, domin kafireto ɗaya ke ciyar da su duka. Fulogi mai jiƙe da baƙin mai kuwa zobban fistin ne ko hanyar bawul suka gaji, kuma babu saitin da zai gyara wannan. Tazarar bakin fulogi a 504 mai kontak, wato 'yan ƙarafan cikin distiributa da ke buɗewa suna rufewa don ba da wuta, milimita 0.6 ce. Kan silindar na alminiyam ne, don haka a fara ɗaura fulogi da hannu har ya zauna kafin a sa sifana, in ba haka ba zaren ramin zai tafi.

Buɗe murfin distiributa ka duba cikinsa ko akwai tsagi ko layin baƙi da wuta ta zana. Tazarar kontak milimita 0.40 ce idan ya buɗe iyakar buɗewarsa. Ƙafar roba da ke bin sandar distiributa tana cinyewa a hankali, tazarar ta ragu, wuta ta yi rauni kuma ta makara. Riƙe rota ka girgiza sandar gefe da gefe. Idan tana wasa sosai, tazarar kontak za ta riƙa canzawa a kowane juyi, silo kuwa ba zai taɓa nutsuwa ba har sai an sauya bushin ko distiributar. Murɗa rotar kaɗan ka saki, ya kamata ta koma da kanta. Idan ta tsaya inda ka bar ta, sifirin ɗin ciki sun saki ko ƙarafan sun cije, kuma wannan yana cikin manyan dalilan da ke sa injin hawa da sauka.

Kontak ake fara saitawa sannan taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, domin duk canjin da aka yi wa tazarar kontak yana matsar da taimin. Adadin digirin ya danganta da irin distiributar da ke motar, a yawancin 504 yana tsakanin 5 da 10 kafin fistin ya kai ƙololuwa. A cire tiyon zuƙa na distiributa a toshe shi kafin a auna. Mota mai makararren taimin silonta a mace yake, tana zafi, kuma tana tilasta wa mai gyara ya buɗe faifan totur fiye da ƙima.

Bawul kuwa da sanyin injin ake saita su, bayan motar ta kwana ko ta yi aƙalla awa shida a kashe. Tazarar na shigar mai milimita 0.10, na fitar hayaƙi 0.25. A Peugeot silinda ta 1 ita ce ta wajen kuloci, ba ta wajen lagireto ba, kuma wuta tana bin 1, 3, 4, 2. Juya injin har bawul ɗin hayaƙi na 1 ya buɗe gaba ɗaya, sai ka saita na mai na 3 da na hayaƙi na 4. Idan na hayaƙi na 3 ya buɗe, saita na mai na 4 da na hayaƙi na 2. Na 4 ya buɗe, na mai na 2 da na hayaƙi na 1. Na 2 ya buɗe, na mai na 1 da na hayaƙi na 3. Akwai masu matse bawul don injin ya yi shiru. Bawul ɗin da aka matse ba ya rufewa sosai idan ya yi zafi, silo ya lalace, daga baya bakinsa ya ƙone. Ɗan ƙas-ƙas ɗin tafet ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba.

Idan akwai agogon auna kwamfireshan, a auna. Silindar da ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari za ta sa injin karkarwa komai kyan kafireto.

Farautar iskar sata

Tada injin ya yi zafi, cire murfin iyakilina, wato matatar iska, sannan ka rufe wani ɓangare na bakin kafireto da tafin hannu a hankali, fuskarka a gefe. Idan injin ya ƙara sauri ya daidaita, yunwar mai yake ji: ko dai iska na shiga ta wani wuri ko jet na silo ya toshe. Idan nan take ya nemi mutuwa, mai bai yi masa kaɗan ba. Haka ma motar da ba ta tsayawa sai an ja cok rabi alhali injin da zafinsa, ita ma yunwar mai ce.

Wurin farko da za a duba shi ne babban tiyon da ya tashi daga manifol, bututun da ke kai mai da iska daga kafireto zuwa silindoji, zuwa sabo (servo) na birki, gwangwanin da ke ƙara wa birki ƙarfi. Matse shi da filaya, ka sa tsumma kada haƙoran su yanka shi. Idan silo ya gyaru nan take, tiyon ya tsage ko robar cikin sabon ta huje. Wata alamar ita ce injin ya canza murya ko ya mutu duk lokacin da aka taka birki a tsaye. Sai siririn tiyon distiributa: cire shi daga wajen kafireto ka tsotsa da baki. Ya kamata ka ji ya riƙe, farantin kontak ya motsa. Idan iska na zuwa ba iyaka, robar gwangwanin ta fashe. Sai tiyon numfashin injin da ke komawa manifol. A cikin hanyarsa akwai ɗan matsattsen rami da ke taƙaita iskar. Idan wani ya taɓa sauya tiyon ya yar da wannan matsin, an buɗe wa injin ƙofar iska ke nan.

Bayan tiyoyi sai gaskit. Zuba ruwa a gorar feshi ka fesa kaɗan-kaɗan a gindin kafireto da inda manifol ya haɗu da kan silinda. Inda injin ya yi tuntuɓe, nan ne ramin. Wasu suna amfani da feshin wanke kafireto, wanda ke sa injin ya ƙara sauri a wurin, amma yana kama wuta idan ya sami tartsatsin wayar fulogi ko zafin salansa. Fetur kuwa kada a kusanto da shi wannan gwajin.

Idan gindin kafireto ne ke shan iska, kada ka ƙara ɗaure notin. Ɗaurin da ya wuce ƙima shi ne ya lanƙwasa gindin tun farko, domin ƙarfen mai taushi ne, kunnuwan suna sunkuyawa tsakiya ta ɗaga. Cire kafireton, shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi mai kauri, ka goga gindin a kai kana zagayawa har ko'ina ya yi haske iri ɗaya. Faifan totur ya kasance a rufe kada ya taɓa samfefar. Sa sabon gaskit sama da ƙasan farantin nan mai kauri da ke raba kafireto da zafin manifol, ba tare da gam ba, domin gam yana matsowa ciki ya toshe hanyoyin silo. A ɗaure notin bi da bi, kaɗan nan kaɗan can.

Wanda ya fi wahalar sha'ani shi ne sandar faifan totur. Bayan shekara talatin ana taka ta, ramin da take juyawa a ciki yana faɗaɗa. Kama ta ka girgiza sama da ƙasa. Idan tana motsi har kana ji, iska na shiga ta nan, kuma faifan ba ya komawa wuri ɗaya sau biyu. Alamarsa ita ce ka saita silo ya yi kyau, ka taka totur ka saki, ya koma wani wuri daban. Shafa giris mai kauri a bakin sandar ta gefe biyu. Idan silo ya nutsu na ɗan lokaci, ka kama ɓarawon. Maganinsa mai injin gyaran ƙarfe ya sa masa bushin tagulla, ko a sami wani gindin mai lafiya. Kafin ka yanke wannan hukuncin, tabbatar wayar totur tana da ɗan sassauci kuma sifirin mai mayar da ita bai gaji ba.

Mai agogon auna zuƙa zai taƙaita wa kansa wahala. Lafiyayyen injin yana nuna inci 17 zuwa 21 a silo, allurar a tsaye cak. Ana rage kusan inci 1 a kowace mita 300 ta tudu, saboda haka abin da za a gani a Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, zai gaza na Kano, kuma ba laifi ba ne. Allura a ƙasa amma a tsaye tana nuna iskar sata ko makararren taimin. Mai faɗuwa a kai a kai tana nuna bawul. Mai yawo a hankali tana nuna haɗin mai da iska bai daidaita ba.

Cikin kafireton kansa

Idan kafireton yana da solonoyid a jikin jet na silo, wato ɗan gwangwani mai waya ɗaya, fara da shi. Aikinsa ya rufe hanyar mai idan an kashe makulli. Kunna makulli ba tare da tada injin ba, cire wayar ka mayar. Ya kamata ka ji ƙas a kowane taɓi. Idan shiru, duba ko wuta volt 12 tana zuwa. Fis da ya ƙone ko waya da ta saki sun sa an kwance kafireto da yawa a banza. Wasu suna yanke allurar solonoyid ɗin su huta, motar ta tashi, amma sai ta koma tari bayan an kashe ta.

A yawancin Solex jet na silo daga waje ake kwance shi. Ɗaga shi ka kalli haske ta ramin. Wanke shi da feshin kafireto ka hura da iskar famfo. Kada a zura masa waya ko allura. Tagulla ce mai taushi, kuma da ramin 50 ya koma 60 motar ta shiga shan mai ke nan har ranar da za a sauya shi. Cire sukurun mai ka fesa ta raminsa, ka ga feshin ya fito ta mazaunin jet da ƙananan ramukan gefen faifai. Duba tsinin sukurun: idan ya cinye ko ya lanƙwashe saboda an taɓa ɗaure shi da ƙarfi, a sauya shi.

Jet ɗin da aka wanke yau ya sake toshewa jibi yana gaya maka dattin daga baya yake zuwa. Buɗe saman kafireto ka duba gindin kwanon. Jan gari tsatsar tanki ce. Ɗigon da ke kwance a ƙasan fetur ruwa ne, wanda aka fi samu a man jarka na bakin hanya da kuma tankin da ke kwana ba mai da damina. Baƙin ɓarɓashi kuwa cikin tsohon tiyon mai ne ke marmashewa. A sauke tanki a wanke, a sauya tiyo, a sa sabuwar filta kafin famfon mai, kibiyarta na kallon injin. Da hunturu iyakilina yana cika da ƙura cikin 'yan makonni, ya shaƙe injin ya sa shi baƙin hayaƙi. Iyakilina mai amfani da baƙin mai a wanke ragarsa a zuba mai daidai layin da aka zana, na takarda a sauya shi. Tafiya ba iyakilina a hanyar ƙauye tana cinye zobban fistin da sandar totur tare.

Ɗaya ɓangaren shi ne mai ya yi yawa, abin da ake kira obafulo. Alamunsa warin fetur, baƙin hayaƙi, da injin da ke nutsewa a hankali har ya mutu sannan ya ƙi tashi sai an taka totur ƙasa. Riƙe madubi a saman maƙogwaron kafireto injin na silo, kada ka leƙa da fuska domin yana iya tofo wuta. Bai kamata ko ɗigo ya fito daga babbar hanya ba. Idan yana ɗiga, mai ya hau sama da ƙima a kwanon. Cire fulot ka girgiza a kunne. Idan da mai a ciki ya huje. Na tagulla za ka iya tsoma shi a ruwan zafi ka ga inda kumfa ke fita. Juya murfin kafireton ka hura ta hanyar shigar mai kana danna allurar fulot, wadda ke rufe wannan hanyar, da yatsa. Idan iska na wucewa, allurar ba ta rufewa. A yawancin Solex masu maƙogwaro ɗaya, kaurin woshar da ke ƙarƙashin mazaunin allura shi ke tsayar da matakin mai, don haka a mayar da irin kaurin da aka tarar. Mota da aka sa wa famfon mai na lantarki a duba ƙarfinsa. Kafireto yana son kimanin bar 0.2 zuwa 0.3 ne kawai, famfon motar injekta kuwa yana ninka wannan sau goma, babu allurar da za ta tare shi.

Tabbatar faifan cok yana miƙewa tsaye sosai idan an mayar da shi. Motar da silonta ke lalacewa sai da zafin rana bayan doguwar tafiya, sau da yawa mai ne ke tafasa a kwanon saboda an cire farantin da ke raba kafireto da manifol, ko tiyon mai ya kwanta kusa da salansa.

Saitin ƙarshe

Injin ya yi zafinsa na aiki, cok a buɗe, iyakilina a ɗaure, fitilu a kashe. Ɗaura sukurun mai ciki da yatsu biyu har ka ji ya taɓa, kada ka matsa, sannan ka warware shi zagaye biyu. Tada injin ka kawo shi wajen juyi 850 a minti da sukurun silo, wanda ke tokare hannun totur. Koma kan sukurun mai ka shigar da shi rubu'in zagaye a lokaci guda, kana jiran daƙiƙa goma bayan kowane motsi, har injin ya fara tuntuɓe. Riƙe wannan wurin a ka. Warware shi a hankali, injin zai hau ya daidaita, sannan ya fara nauyi yana gurnani. Wurin da ya fi sauri da santsi yana tsakanin biyun. Idan saurin ya wuce, rage shi da sukurun silo zuwa 800 ko 900, ka sake bin sukurun mai sau ɗaya. Wasu Solex na baya-bayan nan suna da babban sukurun iska na daban, nasu sukurun faifan an saita shi daga masana'anta an rufe. A irin waɗannan da sukurun iskan ake saita sauri, a bar na faifan yadda yake.

Sukurun mai da kansa yana ba da shaida. Idan ka ɗaure shi gaba ɗaya injin bai mutu ba, mai yana zuwa ta wata hanya: ko obafulo, ko an buɗe faifan totur da yawa har ƙananan ramukan sama sun fara aiki. A nan sai a sassauta sukurun silo a koma kan taimin. Idan kuma sai ka warware shi fiye da zagaye huɗu kafin injin ya tsaya, har yanzu akwai toshiya ko iskar sata da ba a gano ba.

Daga nan kunna manyan fitilu, taka birki sau uku, taka kuloci. Saurin zai ɗan sauka amma bai kamata ya mutu ba. Taka totur da sauri ka saki: ya hau ba tare da shaƙewa ba, ya dawo inda yake. Idan ya yi jinkiri kafin ya hau, kashe injin ka leƙa maƙogwaron kana motsa hannun totur, ka ga ko famfon totur yana tsarto siririn mai. Idan ba ya yi, robarsa ta bushe ko bakin bututun ya toshe. Fita da motar kilomita goma da ɗan lodi, ka tsaya sau uku ko huɗu a hanya ka saurari silon, sannan ka dawo ka cire fulogi ɗaya na tsakiya da ɗaya na gefe ka gwada launinsu.